Tabawa da Tsuntsun Shuka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

An yi wata tsohuwa makauniya, sunanta Tabawa, a zamanin da kunne ke gaya wa manomi ranar shuka. Akwai wani ɗan tsuntsu da ke sauka kan tsamiyar gidanta, ba ya kuka sai ruwan gaske ya kusa. Mijinta Barau ne ya koya mata muryarsa. Tsuntsun kan rera sau uku ya yi shiru, Barau ya amsa da fito, sannan ya ƙarasa. Barau ya rasu, ta ci gaba da sauraro ita kaɗai, kewarsa na cin ta.

Wata shekara aka yi fari, irin geron garin duka bai wuce ƙwarya ɗaya ba. Aka damƙa wa Tabawa, aka ce ba mai shuka sai ta ji tsuntsun.

Suda, tsuntsuwar nan sarkin surutu, ta ji labari. Ta san in aka zuba iri a busasshiyar ƙasa, cikinta zai shiga. Sai ta hau tsamiya ta kwaikwayi kukan.

Tabawa ta ce, "Baƙona ba ya gaggawa. Sauka."

Kashegari Suda ta dawo ta rera a hankali, tiryan-tiryan har ƙarshe.

Tabawa ta ce, "Baƙona yana jiran amsa. Sauka."

Rana ta uku aka yi yayyafi, mutane suka taru da sungumi suna cewa tsohuwa ta rikice. Suda ta rera sau uku, ta yi shiru. Tabawa har ta kai hannu ga ƙwarya. Sai ta daure ta yi fiton Barau, wanda rabonta da shi tun rasuwarsa. Suda ba ta taɓa jin abin da ke biyo baya ba, ta hau kame-kame, aka kore ta da hoge.

Bayan kwana tara wata siririyar murya ta rera sau uku. Tabawa ta yi fito, aka ƙarasa mata. Ta share hawaye ta ce, "Ku ɗauki iri. Wannan ya san Barau."

Suda kuwa garin aron muryoyi ta manta tata, har yau ta wasu take yi. Mai kwaikwayo iyakarsa abin da ya ji, yara.

Ƙurunƙus kan suda.