Sunan Da Mati Ya Ƙi Canjawa

Akwai wani saurayi, Mati sunansa, daga wani ƙaramin ƙauye kusa da Wagini a ƙasar Batsari. Kakanninsa Maguzawa ne, suna noman dawa a wurin tun zamanin da sarakunan Katsina ke bin Sakkwato. Daga baya gidansu suka zama 'yan Katolika. Maƙwabtansu duk Musulmi ne, kuma rijiya ɗaya suke sha.

Mati ya sa wa ransa zama Fada, wato limamin coci. Da aka ga ƙoƙarinsa sai aka tura shi wata makarantar horar da limaman coci a Italiya.

Rayuwar can ƙararrawa ce ke juya ta. Ta tashe ka da asuba, ta kai ka coci, ta kai ka aji, ta ce zo ka ci taliya. Gobe ma taliya. Da kwalbar yajin da mahaifiyarsa Kande ta daka masa yake lallashin maƙogwaronsa. Sanyi kuwa, bar shi kawai.

Kowace yamma Mati yakan zauna a bencin baya na coci da carbinsa, ya yi addu'a da Hausa kamar yadda Kande ta koya masa: "Maryamu mai tsarki, uwar Allah." Ko tuntuɓe ya yi sai ya ce ya Allah. In an ce masa sai gobe, ya ce in Allah ya kai mu.

To, akwai shugaban ɗalibai, wani dogon Bature mai son kowa ya san shi ne shugaba. Da kunnensa ya tsinci kalmar "Allah" a bakin Mati sai ya haɗa ta da carbin, ya yanke hukunci shi kaɗai: yaron nan Ubangijin Musulmi yake kira. Bai tambayi Mati ba, sai ya kai ƙara.

Shugaban makarantar, wani tsohon Fada, ya kira Mati ofis.

"Ɗana, na san ba laifi ka yi ba," in ji shi. "Kiristocin Larabawa ma haka suke faɗa. Amma 'yan'uwanka sun fara gudunka. Ka riƙa yi da Italiyanci, a zauna lafiya. Ka san bana ne za a duba waɗanda za a naɗa dikon, matakin ƙarshe kafin zama Fada, kuma ana duba biyayya."

Mati ya gane maganar sarai. In aka ce ba shi da biyayya, sai dai ya koma gida hannu rabbana, shekarunsa sun tafi a banza. Amma ya daure, ya ce:

"Fada, a ba ni shara, a ba ni wanke-wanke, zan yi. A cikin jama'a ma da Italiyanci nake yi. Amma tsakanina da Mahaliccina ba zan canja masa suna ba. Uwata ba ta san wani suna ba sai wannan. Da shi ta binne ubana, da shi ta sallame ni a bakin mota. In na bari don a ji daɗi, na yarda ke nan cewa duk rayuwarta wani daban take kira."

Tsohon ya ce masa ya je ya yi tunani.

Mati bai yi wani tunani ba. Da yamma ya koma bencinsa. A ɗakin cin abinci aka bar masa tebur shi kaɗai, ya ci taliyarsa da yajinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai rage murya ba.

Ranar Alhamis ɗalibai ke zuwa duba marasa lafiya a asibiti. Wata Alhamis aka haɗa Mati da shugaban ɗalibai. Suka tarar da hayaniya a wani ɗaki. Wani dattijo baƙar fata ne ya ƙanƙame ƙarfen gado ya ƙi yarda a shiga da shi tiyata, likita kuwa na cewa in an ƙara jinkiri zai mutu. Shugaban ɗalibai ya gwada Italiyanci, ya gwada Turanci, ya gwada Faransanci. Dattijon ko kallonsa bai yi ba.

Mati ya lura da tsagen fuskarsa. Ya durƙusa a gefen gado.

"Sannu, Baba. Allah ya ba da lafiya."

Dattijon ya saki ƙarfen. Ashe Gambo ne sunansa, mahauci daga Safana, neman abinci ya kai shi can.

"Ɗana, mi suka son yi mini? Tun jiya ba wanda ya ambaci Allah a ɗakin ga, ta yaya zan ba su cikina?"

Mati ya yi masa bayani dalla-dalla. Gambo ya dubi gicciyen da ke wuyansa, ya ce, "Kirista ne kai?"

"E, Baba."

"To, ka roƙa mini Allah. In kuma ta zo da ƙarar kwana, ka nemo mini liman."

Mati ya yi alkawari, aka tura gadon. Gambo ya tashi lafiya.

Suka kama hanyar komawa makaranta. A bakin ƙofa shugaban ɗalibai ya tsaya, kunnuwansa sun yi ja, ya ce Mati ya sake faɗa masa kalmar a hankali. Washegari da ƙafarsa ya je ya janye ƙarar.

Ranar da aka naɗa Mati dikon, tsohon Fada ya ba Mati addu'ar jama'a, ya ce ya yi da harshensu. A ƙauye Kande tana kallo a wayar maƙwabcinta Armaya'u, yara sun yi mata rumfa. Ta ji muryar ɗanta ta cika cocin Turawa: "Ya Allah, ka ji roƙonmu."

Ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Armaya'u, ka ji shi? Bai watsar da sunan ba."

Darasi: Ka yi biyayya, ka yi haƙuri da mutane, amma kada ka watsar da gaskiyar da iyayenka suka ɗora ka a kai don a karɓe ka a wani wuri. Kai kuma da ka ji abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka kai ƙara. Ku tura wa duk wani naku da ke karatu nesa da gida.