Tsumman da Ya Ƙi Ruɓewa

Matata Nuala ta rasu, bana shekara uku. Ni Fintan, mai kiwon tumaki ne a yammacin Ireland, ban yi karatu mai nisa ba, don haka zan faɗa yadda abin ya faru kawai.

Akwai wata rijiya a kan tudu a bayan ƙauyenmu, rijiyar waliyiya Brigid, da itacen ƙaya a bakinta. Tun kafin coci ta zo, kakanninmu ke zuwa wurin. In mutum ba shi da lafiya, sai a yago ƙyallen tufarsa, a tsoma a ruwan, a shafa masa, a ɗaure a reshe. Yadda tsumman ke ruɓewa, haka ciwon ke tafiya. Kuma ba a kwancewa. Wanda ya kwance, ya kai ciwon gidansa.

Da likita ya ce ciwo ya ci ƙirjin Nuala, na yago bakin ɗankwalinta ja, na je na ɗaura. Wata biyar ta yi, ta rasu.

Ranar zaman makoki, ana ta zuba shayi, yayanta Cathal ya dube ni a gaban mutane.

"Kai Fintan, wai jan ƙyallen nan naka ne? Yadin roba ne fa. Ina ka taɓa ganin roba ta ruɓe? Ai ɗaure mata ciwon ka yi, sakarai."

Ya ci gaba da shan shayinsa. Na tabbata kafin sati ya manta.

Ni ban manta ba. Kullum bayan na duba tumaki sai na hau can. Tsummokaran mutane sun yi baƙi, sun zube. Nawa na nan ja wur, ruwan sama sai ƙara wanke shi yake. Ba dama in kwance, 'yarmu Orla na gida. Ba dama in bar zuwa. Fadan cocinmu ya ce camfi ne. Na ce to, washegari na koma. Orla ta nemi mu ƙaura birnin Galway, na ce tumaki ba za su yarda ba.

Wata safiya na tarar da tsohuwa Peig, mai share bakin rijiyar.

"Ɗan nan, kai kaɗai ka kusa cinye min hanya. Neman aurena kake?"

"Inna Peig, ni na kashe ta."

"Da wane ƙarfin? Kai da tunkiya ke kayarwa?" Ta nuna wani reshe da sandarta, ba komai a jikinsa. "Nan na ɗaura wa mijina Colm. Ulu tsantsa, ni na saƙa. Wata biyu ya ruɓe tas. Na yi murna har na toya waina na raba. A wata na uku muka binne shi."

Ina kallon reshen, ta ƙara da cewa:

"Je ka ci abinci. 'Yarka ta rasa uwa, kada ka ƙara mata da uba."

Ban warke ba. Amma yanzu ran Lahadi kawai nake hawa, wani makon ma Orla ta riƙe ni da hira har rana ta yi.

Darasi: Maganar da ka yar a gidan makoki, mai makoki shi ke kwana da ita shekaru. In ba ka da kalmar da za ta sassauta masa, sha shayinka ka yi shiru. Ku tura wa wasu su karanta.

Allah ya ba Nuala hutawa, ya ba Colm na Peig, ya kwance duk zuciyar da ke ɗaure da laifin da ba nata ba. Ku taya ni da Amin.