Abin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Manjo

Wai Jatau maƙeri ne ya saɓo na'urar gano ƙarfe ya nufi bariki, yana son tono uwar maƙera, wato ƙarfen da kakansa ke ƙira a kai, da aka binne tun wurin yana gonarsu.

Manjo na kishingiɗe a gindin mangwaro, ya ce, "Farar hula a filina? Ba ka shiga sai ka faɗi abin da ke ƙasan, tun ba ka duba ba."

"Tsohon bam ne, yallaɓai, nan ƙarƙashin kujerarka."

"Ƙarya kake!"

"Wataƙila. To gyara zamanka, ni na yi gida."

Manjo ya janye ƙafafunsa sama a hankali. "Malam Jatau, don Allah kunna abar nan."

"Nan kawai, ko duk filin?"

"Duka, har ƙarƙashin gadona!"