Dalilin da Ya Sa Masana Ke Tsugunawa a Bakin Kwata

Ya isa haka da dariyar nan. Tun daga zaure nake jin ku, wai kun ga wata mata da farar riga tana ɗibar ruwan kwata a kwalba, wai ta zautu. Lafiyarta lau, magani ta je roƙo. Ku zauna ku ji dalilin da ya sa mai ilimi ke tsugunawa inda ku kuke toshe hanci.

A can da, an yi wani mai magani, Malam Jatau, yana da ma'aikata a cikin wata kwalba. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ƙwayar cuta ma ta fi su girma nesa ba kusa ba. Masana na ce musu bakteriyofaj. Ni bakina ba zai iya ba, Maciya nake ce musu. Aikinsu su hau ƙwayar cuta, su huda ta, su hayayyafa a cikinta har ta fashe. Sai dai fa akwai tsirfa. Kowane gida na Maciya da irin ƙwayar da yake ci, mai cin ta gudawa ko za a yanka shi ba zai taɓa ta gyambo ba. In majinyaci ya zo, haka Malam Jatau zai yi ta gwadawa, wannan ya ce ba cimarsa ba ce, wancan ya kau da kai.

Ana nan sai ga kafso ya shigo gari, ja da rawaya, sabo fil. Shi ba ya tambaya, mai laifi da marar laifi duk sharewa yake yi. Malam Jatau ya ga sauƙi. Ran nan ya ɗauko kwalbar Maciya, ya ce ya gaji da lallashi. Babbarsu, Magajiya, ta roƙe shi ya rage ko cokali guda saboda wata rana. Ya ce kwalbar yake so, man gyaɗa zai zuba. Ya tuttular da su a kwatar bayan shagonsa.

Daga nan ciwon kai kafso, mura kafso, har kaji ake jiƙa wa. Mutum ya sha biyu, ya ji dama, ya watsar da saura. A hankali ƙwayoyin suka saba da shi, har ta kai in ya shigo jiki sannu da zuwa suke yi masa.

Bayan shekaru ƙusa ta soki Malam Jatau a tafin ƙafa. Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa. Ya sha jan kafso, ya sha fari, aka yi allura, shiru. Likitan birni ya duba ya ce in ba ta faɗa ba nan da kwana goma, sai dai a yanke daga gwiwa. A nan tsoro ya kama shi, ya tuna da kwata.

To kun san babban mutum ba ya zuwa biko da kansa. Ya aika ƙanensa da ƙwaryar goro, Magajiya ta ce su ba sa cin goro. Ya aika mai unguwa, ta ce ba mai unguwa ne ya zubar da su ba. Kwana bakwai cur ya ɓata yana aike, ƙafa tana ta baƙi. Ran na takwas, ranar kasuwa kuwa, ya dogara sanda ya je bakin kwatar, ya tsuguna jama'a na kallo.

"Magajiya, na yi kuskure. Ku dawo, na wanke kwalbar."

"Mu dawo mu ci me, Malam? A kwalbarka sai mu yi mako ba mu ga abinci ba. Nan kuwa duk ƙwayar garin nan ta gabanmu take wucewa. Ai godiya muke yi maka."

Ya yi kuka wiwi, ya nuna mata ƙafar. Ta ji tausayinsa, amma ba ta manta ba. Ta ce za su taimaka bisa sharaɗi: su ba sa tashi daga kwata, mai bukata ya zo da kansa ya ɗiba, ya je ya tace, ya gwada da ƙwayar da ke damunsa. In ba a dace ba, ya ƙara gaba.

Ɗiban farko ba a dace ba, na biyu ma haka. Sai a kwatar mahauta ya samu gidan da ke cin irin tasa. Kwana biyu kumburi ya faɗa, likita ya mayar da wuƙarsa. Amma yatsu uku sun riga sun mutu a kwanakin aike, su kam an cire. Haka ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi, kuma bai sake wuce kwata ba tare da ya yi sallama ba.

Abin da ya sa ke nan har yau, duk digirin mutum, in kafso ya gaza sai ya tattare rigarsa ya tsuguna a bakin kwata da kansa. Maciya ba sa karɓar ɗan aike.