Mai Walda da Baƙin Ƙyallen Gada

An yi wani mutum mai walda a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, don yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

A bakin ƙauyen akwai gadar ƙarfe a kan babban kanal na ruwan noman rani, ta nan kowa ke fitar da tumatirinsa. Gadar ta tsufa, tsatsa ta ci ta, har babban ƙarfen da ke ɗauke da ita ya tsage. Shekara da shekaru mutumin nan ke liƙe tsagar, tana buɗewa yana sake liƙewa.

Sai Alhaji Dattijo, shugaban ƙungiyar manoma, ya kawo wani injiniya mai suna Iliyasu. Shi ko wuta bai kunna ba. Ya sa aka kankare tsatsar har ƙarfen ya yi fes, ya shafa gam, ya manna wani baƙin ƙyalle da ake saƙawa da wani zare mai ƙarfi da ake kira kabon, rufi kan rufi. Da ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Ya tara jama'a ya ce, "Wannan ƙyallen shi ke riƙe da tsagar yanzu. Nauyi ba ya tsinka shi. Amma don Allah kada wuta ta kusance shi, gam ɗin ba ya jure zafi."

Kowa ya ce madalla, ban da mai walda. Ƙarfe ya gaza, sai tsumma ne zai riƙe? Kuma me ya sa aka ce kada wuta ta kusance shi? Wa ke da wuta a garin nan in ba shi ba? Lallai, in ji zuciyarsa, ruɓa aka lulluɓe, ba a so ya gani.

Ya zauna a teburin mai shayi yana cewa, "Ni fa ban ce an ci amana ba, amma ruwa ba ya tsami banza." Kun ji irin maganar! Bai yi ƙarya a fili ba, bai kuma bar mutum da mutuncinsa ba. Alhaji Dattijo ya sa sabuwar hula, mai walda ya ce to ga ta nan, kuɗin gada ne. Ya hango shi suna dariya da Iliyasu, ya ce da shi suke. A hankali mutane suka fara yi wa Alhaji Dattijo, bawan Allah, kallon ɓarawo.

Babban ɗansa Sammani, direban a-kori-kura, ya ce masa, "Baba, ka bar maganar nan. Kullum ina haye ta da kaya, ko motsi ba ta yi."

Ya ce, "Kai ma sun saye ka ke nan."

Ran wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci a Bunkure, shi ya ce kansa ke ciwo. Ya ja tukunyar gas ɗinsa ya shiga ƙarƙashin gada. Daidai kan tsagar nan da ya sani ya ɗora wuta. Gam ya narke, ƙyallen ya saki, ya ɓanɓare shi ya leƙa. Me ya gani? Ƙarfe tas, ko ɗigon tsatsa babu. Aiki ne na gaskiya.

Gumi ya karyo masa. Nan ne ƙofar tuba, 'yan uwa, a buɗe take. Da ya je ya ce, "Alhaji, na zalunce ka, na kuma yi ɓarna," da an rufe gadar an gyara. Amma da wane ido? Sai ya danna ƙyallen ya mayar, ya shafe wurin da baƙin fenti, ya koma gida ya kwanta. Babura suka yi ta wucewa, jakuna suka yi ta wucewa, ya ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Tumatir ya nuna. Wata safiya yana tsaye a bakin kanal cikin manoma, sai ga Sammani da mota, kwanduna har sun fi ƙarfinta. Ya rage gudu ya leƙo. "Baba, Kano za ni, a sa mana albarka."

Mutumin nan ya buɗe baki zai ce tsaya. Sai suka haɗa ido da Alhaji Dattijo. Ya haɗiye maganar, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar na kaiwa tsakiya ƙarfen ya yi ƙara ya rabe biyu. Innalillahi! Kanal ya yi ja wur da tumatir. An ciro Sammani da rai, amma ƙashin bayansa ya karye. Da aka ɗago ƙarfen, ga ƙuna, ga sabon fenti. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ke da wuta a garin.

Ya 'yan uwa, ba tsatsa ce ta karya gadar nan ba. Mummunan zato ne ya ƙona ta, girman kai ya shafe wurin da fenti. Allah ya hana mu yawan zato, ya hana mu bin diddigin juna. Wanda ka hana barci da "ni fa ban ce ba", me za ka ce ran da aka tsayar da ku? In ka ɓata, faɗa tun da sauran gyara, kunyar yini ɗaya ce.

Tun ranar ba wanda ya ƙara kai masa ko fartanya. Walda ta ƙarshe da ya yi, keken guragu ne ya haɗa wa ɗansa, shi ne ma ke tura shi zuwa masallaci.

Allah ka wanke zukatanmu daga zargin bayinka, ka ba mu ƙarfin faɗar laifinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin hannayenmu. Amin.