Saurayin da Ya Ce Za a Yi Maneji

Akwai wani manomi da ƙafafunsa suka gaji, yana da ɗa guda da ya yi shekaru a Ikko. Ɗan ya dawo da rani, da jaka a kafaɗa da kalma ɗaya a baki. Ko me aka tambaye shi, sai ya ce ana maneji.

Uban yana da ɗan bijimi da bai taɓa shiga karkiya ba. Ya gaya wa ɗan yadda ake yi: a ba shi dusa a tafin hannu, a haɗa shi da tsohon sa, su riƙa jan gungume kowace safiya kafin ruwa ya sauka, gama da shi za a yi huɗar bana.

"Baba, sa ne fa, ba ɗan makaranta ba. Za mu yi maneji."

Gidan ya yi wa saurayin kaɗan. In ya zauna sai ya tashi, in ya shiga garke sai ya ji ƙarar mota, ya nufi bakin titi yana kallon masu tafiya kudu.

Ruwa ya sauka. Saurayin ya ɗaura wa bijimin karkiya, bijimin ya zabura, ya karya ta, ya ja garma cikin ƙaya. Har geron maƙwabta ya tsiro, gonarsu tana kwance.

Uban bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, bai san hannunka ba."

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Kalmar maneji Turawa ma aro suka yi daga mutanen Italiya, tushenta kuwa hannu ne: a riƙe doki, a hore shi har ya saba. Yau muna faɗinta in muna nufin a lallaɓa a wuce. Bijimin shi ne abin da Ubangiji ya danƙa maka, ko iyali, ko aiki, ko tsohon da ke jiranka a gida. Rani shi ne lokacin da kake da shi yanzu, ba kuwa zai jira ka gama kallon titi ba. Wanda zuciyarsa take tasha ba ya horon kome.

Saurayin nan ya rasa huɗar fari. A makon da wasu suke noman farko, shi yana tsaye a garke da dusa a hannu, yana jiran bijimin ya matso.