Kili da Ƙasar Fadama

Dalilin da ya sa kuke ganin doki yana kartar ƙasa da ƙafar gaba kafin ya zabura, ku matso in faɗa muku. Kai Sabi'u, saki wutsiyar akuyar nan ka zauna, kai na fi so ka ji.

A da can, Ƙasa tana da baki, kuma da dawaki take hira. A wani gari kuwa, duk shekara in an gama girbi, ana gobe bikin kalankuwa, samari kan yi sukuwa a fadama. Amma kafin a hau, kowa sai ya ja dokinsa da hannu su taka filin a hankali tun daga farko har ƙarshe. Doki ya ce, "Ƙasa, ina kwana?" Ita kuma ta gaya masa inda ta yi tauri da inda ta jiƙe.

Akwai wani saurayi, Mantau, mai farin doki ana ce masa Kili. A wata shekara, damina ta riga ta yi sallama, sai ga ruwa ya sauko ba zato, kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, rana ta buɗe da zafi. Saman fadama ya bushe ƙayau har ya tsattsage, alhali ƙarƙashi taɓo ne.

Mantau kuwa ya ƙunsa wa Kili lalle a ƙafafu huɗu saboda biki, ya kama jawur. Da safe abokinsa Barmo ya biyo masa su je taka fili.

"Ango, kai ne ka sha lallen ko dokin? Taso mu je."

"Ku je kawai. In kai shi cikin laka ya ɓata ado tun 'yan mata ba su gani ba?"

Mahaifiyarsa Tabawa tana sussuka, ta ajiye taɓarya. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ruwan nan bai kwanta mini a rai ba. Lalle ana sake ƙunsawa, ƙafa fa?"

"Haba Inna, dubi rana. Ko ƙwai aka fasa a filin nan sai ya soyu."

Da la'asar aka jeru, aka saki linzami. Dawakin da suka gaisa da Ƙasa duk suka raɓe ta gefen tudu. Mantau ya ga tsakiya fayau, ya saka Kili ciki. Ƙasa ta ɗaga murya: "Kili, karkata dama! Nan ɓawo ne kawai!"

Kili ya ji, ya so ya karkata. Mantau ya fizgo linzami, ya sa masa ƙaimi. Ɓawon ya rufta, ƙafar gaba ta nutse har gwiwa, aka ji ƙas. Mantau ya wuntsila can gefe, Allah ya tsare, bai ko gurɗe ba.

Da ya tashi ya ga ƙafar dokinsa tana reto, ga mutane suna kallo, sai kunya ta zame masa fushi. Ya ɗaga bulala ya dinga tsula wa Ƙasa, yana cewa, "Munafuka! Fuska biyu gare ki!"

Ƙasa ta bari sai da hannunsa ya gaji, sannan ta ce, "Na jira ku da safe, ba ku zo ba. Na yi kira, ba a ji ba. Yanzu kuma ni ce da shan duka. To, na yi shiru."

Mai ɗori ya yi ƙoƙarinsa, Kili ya miƙe, amma bai ƙara sukuwa ba. Kullum sai ya ɗingisa zuwa fadama, ya karci ƙasa da ƙafar da ta karye, ya sunkuyar da kai yana huci, yana cewa, "Ni ai na ji ki. Ki yi mini magana." Ba ta tanka ba.

Shi ya sa har yau, jikokinsa ba sa zabura sai sun ƙwanƙwasa mata tukuna, su kai hanci kusa, ko za ta huce. Har yanzu dai ba ta buɗe baki ba. Saboda haka, Sabi'u, ran da ka girma ka hau, in dokinka ya karci ƙasa ya ja da baya, don Allah kada ka doke shi. Sauko ka taka da ƙafarka.